Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba gani a littattafaina. Tarihin wata sana'a nake so mu ɗan taɓa, wato sana'ar masu yawo gari-gari da wasan kwaikwayo mai haɗe da kiɗa da waƙa da rawa, waɗanda muka taso muna kira 'yan dirama, daga baya kuma aka sami 'yan gala. So nake mu duba yadda suke tallan wasansu, da inda kuɗin yake fitowa, da kuma aljihun da yake kwana.

Abin da ya tayar da zancen kuwa, kwanakin baya ne wata ƙanwata ta miƙo mini wayarta tana murmushi, ta ce, "Yaya, don Allah karanta ki gani." Saƙo ne wai ana neman 'yan mata masu murya da iya taka rawa, za a zaga da su garuruwa bayan Sallah, akwai masauki, akwai abinci, kuma wai akwai alheri mai tsoka. Na karanta na sake karantawa, sai na ji gabana ya faɗi, domin ba yau na fara jin irin wannan alkawari ba. Na fara jin sa ne ina 'yar shekara 11, a garinmu Ruwan Bago ta ƙasar Rogo.

Lokacin kaka ne, an shigar da masara da dawa rumbu, kowane magidanci da ɗan abin da ya rage masa a aljihu. Ranar nan da la'asar muna tsakar gida muna surfe, sai muka ji lasifika tun daga bakin gari. Wata tsohuwar a-kori-kura ce, an ɗaura mata lasifika biyu a ka, an lilliƙa mata hotunan 'yan fim a jiki, ga 'yan mata huɗu a baya sun ci kwalliya suna ɗaga wa mutane hannu. Wani mutum mai faffaɗar murya yana ta shela cewa yau bayan sallar isha'i za a yi wasan da ba a taɓa ganin irinsa ba, an taho da shi tun daga birni, da fitattun 'yan wasan nan da muke gani a kaset, shiga naira 20 kacal. Mu yara muka ɗunguma muka bi motar lungu-lungu, sai da Inna ta aiko yayana ya koro ni da tsumagiya.

Suka kewaye wani fili da zana da tsofaffin buhuna, suka tayar da janareto. Daren farko wurin ya cika maƙil da samari da magidanta. Mu mata kuwa muna tsakar gida, iska na kawo mana kiɗan, wata ta ce wannan waƙar Indiya ce aka juya, wata ta ce a'a. Dare na biyu rabin mutane suka je, don labari ya zaga cewa babu ko ɗaya daga cikin masu hotunan nan. Dare na uku yara masu leƙe ta zana sun fi masu biya yawa. Da gari ya waye, babu mota, babu janareto, babu mai faffaɗar murya. Sai 'yan mata biyu aka bari a gidan Goggona mai tuwo-tuwo, wadda ta kwana uku tana ciyar da su duka bashi. Ɗaya ta sami ɗan garinsu ya mayar da ita. Ɗayar kuwa ba ta da ko kuɗin mota, ta zauna wajen Goggo kwana tara. Zan dawo kan labarinta, amma bari mu koma baya mu ga inda wannan sana'a ta samo asali.

Yawo da wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan mota akwai 'yan kama, masu kwaikwayon karatun malamai alhali kuwa zancen tuwo da nama suke yi. Akwai 'yan gambara da bakinsu ba linzami, akwai 'yan hoto masu cilla garma sama su tare ta da ƙirji, akwai gardawa masu wasa da kura da maciji. Duk suna bin kasuwanni da bukukuwa, suna kwana inda dare ya yi musu. Ga kuma wasannin da gari ke yi wa kansa, kamar tashe cikin watan azumi, da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, da wasan gauta inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa.

To, ki lura da abu biyu game da waɗannan mutanen. Na farko, ba su da katanga, ba su da mai tsaron ƙofa. Wanda ya ji daɗi ya yi kyauta, wanda bai da shi ya yi dariya ya wuce. Shi gardi ma wasan nasa gaba ɗaya talla ne, domin ba kallon kura yake sayarwa ba, magani da laya yake sayarwa bayan kura ta tara masa jama'a. Daga nan ne Bahaushe ya sami karin maganar da na sa wa wannan rubutu. Na biyu, tallansu bai ci musu ko kwabo ba. Ganga ita ce shela. In kuwa babban wasa ne, sai a aika wa ƙauyukan kewaye goron gayyata, wanda ya karɓi goro kuwa kunya ba za ta bar shi ya ƙi zuwa ba. Kuma wasa ne da ke iya zuwa har ƙofar gida, ko a shigo da shi ciki ranar biki, matan kulle su kalla su yi tasu kyautar.

Da Turawa suka zo sai aka kawo majigi. Mota ce ta gwamnati ke bin garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, a nuna finafinan tsabta da na noma. Kakata har ta rasu ba ta daina ba mu labarin Baban Larai ba, fim ɗin shekarun 1950 da aka yi don a koya wa manoma noman auduga. Shi majigi kyauta ne, gwamnati ke biyan mai da direba, mai shelar gari ke yin talla. Saboda haka mutanen karkara suka saba da cewa kallo abu ne da ake kawo maka har gida ba ka biya ba.

Wanda ya kawo katanga da tikiti shi ne silima. A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, wasu suka biyo baya, galibi a hannun Kwarori 'yan kasuwa, kuma su ne suka cika mana gari da finafinan Indiya har muka saba da labarin soyayya mai waƙa a tsakiya. Sai dai tun farko silima ba ta yi farin jini wajen iyaye da malamai ba. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, sama da mutum 300 suka rasu, mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Aka wayi gari duk wurin da aka kewaye ake biyan kuɗi a shiga kallo da dare, ba wurin zuwan matar aure ko 'yar mutunci ba ne. Riƙe wannan da kyau 'yar uwa, don shi ne ginshiƙin zancena: ranar da aka kewaye wasa da katanga, ranar aka rufe wa rabin gari ƙofa, kuma mu ne rabin nan.

Mutumin da ya fara nuna wa Nijeriya cewa wasan daɓe mai waƙa zai iya ciyar da mai shi ba Bahaushe ba ne, amma ƙafarsa ta taka Kano, shi ya sa zan kawo shi. Sunansa Hubert Ogunde, Bayarabe ne, an haife shi a 1916, ya taɓa aikin ɗan sanda. A 1945 ya kafa ƙungiyarsa a Ikko, suna wasa wanda yawancinsa waƙa ce da rawa, suna loda kaya a babbar mota suna bin garuruwa. A Arewa mafi yawan 'yan kallonsa mutanen Sabon Gari ne, 'yan Kudu ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanoni, masu albashi kuma masu zuwa kallo da matansu. Kin ga tun nan ya fi 'yan diramarmu sa'a, don shi gida guda yana iya sayar masa da tikiti biyu ko uku.

Ogunde ya san kan talla. Kafin ya isa gari takardunsa sun riga shi, an manna a bango, an buga a jarida. Ya kuma san asara. A 1948 ya kai wasansa Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, ya dawo hannu rabbana don mutanen can ba sa jin Yarabanci. Sai ya gyara, ya ƙara kiɗa da rawar da ba sa bukatar tafinta, ya koma ya ci kasuwa. A Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu, Ogunde ya yi wasa a kan abin mai suna Bread and Bullet, ma'ana burodi da harsashi. Da ya kawo shi Kano a 1951 sai hukuma ta hana, aka gurfanar da shi, aka ci shi tarar fam 6 saboda manna takardun talla ba da izini ba. Abin mamaki, hanin nan bai kashe masa kasuwa ba, sai ma ya ƙara masa suna, domin ɗan Adam abin da aka ce kada ya gani shi yake ɗokin gani.

Amma akwai matsalar da talla ba ta warware masa ba, ita ce ta mata 'yan wasa. Ya buga a jarida yana neman 'yan mata, iyaye suka ƙi sakin 'ya'yansu, don su ma a can ana ganin mai hawa dandamali ba za ta yi zaman aure ba. Wadda aka samu kuma da ta ƙware sai miji ya zo ya ɗauke ta. Dabarar da ya yi ita ce ya riƙa auren 'yan wasansa, har ƙungiyar ta zama gidansa, matansa da 'ya'yansa su ne ma'aikatansa. Ko me za ki ce game da wannan dabara, ta nuna miki abu guda: wasan nan ba ya tsayuwa sai da mata, amma jakar kuɗin tana hannun namiji. A ƙarshe shi ma da ya ga talbijin da fim sun janye mutane, ya koma yin fim, ya yi wanda ake kira Aiye. Ya rasu a 1990.

Mu dawo gida. A wajenmu wasan kwaikwayo na zamani ta makaranta da rediyo ya shigo. Maƙwabcinmu Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, har gobe ana karanta su. Da talbijin ta zo aka san su Samanja, wato Usman Baba Pategi, da Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos. A Kano kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe tashar CTV a farkon shekarun 1980. A lokacin birnin cike yake da ƙungiyoyin samari masu wasan daɓe, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, suna wasa a makarantu da ɗakunan taro da lokacin Sallah. Suna da basira, suna da 'yan kallo, amma yawancinsu kowa da sana'ar da yake ci da ita, don kuɗin ƙofa ba ya riƙe gida.

A 1990, shekarar da Ogunde ya rasu, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na kasuwa. A 1992 suka yi Gimbiya Fatima. Kafin shekarun 1990 su ƙare an yi Sangaya, wanda waƙarsa ta shiga kowane gidan biki. Me kaset ya yi da daɓe ya kasa? Ba wani abu ba ne illa ya tsallake katanga ya shigo ɗaki. Matar da ba za ta taɓa zuwa filin wasa ba, sai ta aiki yaro ya karɓo mata haya, ta kira maƙwabta, a kalla tare. Bidiyo ya shiga cikin kayan ɗakin amarya. Rabin garin nan da aka rufe wa ƙofa tun zamanin silima, sai ga shi ya zama shi ne kasuwar.

Haka abin yake ga littattafanmu. Lokacin da su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka buga nasu da kuɗin aljihunsu, wa ya saya? Ku ne. Tallansu kuwa bai wuce shafin baya da ake cewa ku saurari fitowar kashi na biyu ba, sai karantawa a rediyo, sai kuma babbar talla, wato bakin mace zuwa kunnen 'yar uwarta. Ni kaina da wannan nake ci. Littafin da wata ta ce wa ƙawarta "ke, kin karanta kuwa?" ya fi wanda aka yi wa fosta ɗari tafiya.

Akwai kuma wadda ta gane wannan sirri tun kafin kaset, ita ce marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, nan kusa da mu, wadda ta rasu a 2013. Ita ma yawo take gari-gari da 'yan amshinta da ƙoren amada, ita ma wasa take da rawa da barkwanci. Amma ba ta dogara da katanga da tikiti ba. Inda mata suke nan take zuwa, gidan biki da gidan suna, mai gayya ta ɗauki nauyin mota da abinci, liƙi kuma ya zuba a gabanta ido na ganin ido. Kuma ita ce uwar tafiyarta, ba wani ke ƙirga mata kuɗi a bayan zana ba. Ta yi shekaru tana cin abinci da muryarta, ƙungiyoyin dirama nawa aka kafa suka watse a tsawon wannan lokaci?

Kada ki ɗauka da kaset ya zo gardi ya tuba. Riga kawai ya sake. A kasuwar finafinai ta Ƙofar Wambai da Bata tsarin da aka daɗe ana bi shi ne, mai fim ya kashe kuɗinsa ya buga kwali, dillali ya sayi kwalin ya kwafi kaset da kansa ya sayar. Sai ki ga 'yar wasa fuskarta ta cika gari, amma abin da aka sallame ta da shi ranar ɗauka shi ke nan. A nan ne gala ta sami gindin zama. Wato daɓe ya dawo, amma yanzu ya zama ɗan aiken fim. A sa waƙar fim a lasifika, 'yan wasa su hau su taka, a gidajen silima da filaye, daga Kano zuwa Kaduna da Jos, har Maraɗi da Damagaram da Yamai. Fuskar da aka sani a kaset ita ce tallar. Ƙananan ƙungiyoyi da ba su da irin wannan fuska kuwa sai su ari hotonta su liƙa a mota, kamar waɗanda suka zo mana Ruwan Bago.

A 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, a ƙarshen shekarar gwamnati ta dakatar da harkar fim, a 2001 kuma aka kafa Hukumar Tace Finafinai. Tun daga nan mai son tara jama'a da rawa da waƙar maza da mata sai ya nemi izini, kuma an sha rufe gidajen gala. Sannan zamani ya ci gaba da shigar da kallo cikin ɗaki: faifan sidi, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, finafinai masu dogon zango a YouTube irin su Izzar So da ya fara a 2020. Yau talla ta yi arha, da waya ɗaya sai ki sanar da gari goma. Amma tafiyar ta yi tsada, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ga kuma hanyoyin da ba kowa ke son bin su da dare ba. Ko a Ikko, inda Bolanle Austen-Peters ta shirya manyan wasannin waƙa irin su Saro a 2013 da Wakaa da ta kai Landan a 2016, ba tikiti kaɗai ke ɗaukar nauyi ba, sai an haɗa da tallafin manyan kamfanoni.

Yanzu bari in koma kan baƙuwar Goggo, don ita ta fara yi mini wannan lissafi, muna zaune tana taya Goggo tuƙin tuwo. Goggo ta ce mata, "Ke 'yar nan, duk cikar da wurin nan ya yi daren farko, a ce ba ki da ko na mota?"

Ta yi murmushi ta ce, "Goggo, ai kuɗin ƙofa kafin ya iso kanmu ya bi ta hannu bakwai. Mai mota ya ɗauka, a sayi man janareto, mai lasifika ya ɗauka, a kai gaisuwa inda aka ba da izini, a sallami masu tsaron ƙofa, a biya mai zana, a ci abinci. Abin da ya saura na oga ne, shi zai ce ga naki. In an yi asara ke ce farkon wadda za a ce ta yi haƙuri."

"To ku da me kuke tsira?"

"Da liƙi. Shi ma rabawa ake. Kuma Goggo, namijin da ya liƙa miki kuɗi da dare, da safe gani yake ya saye ki."

Ta ce wasa ba ya ci sai da kaka ko da Sallah, damina kowa na gona, azumi kuwa ba a magana. Wata uku za su yi suna samu, wata tara suna cin bashi. Ta ce kuma ba sa komawa garin da suka taɓa zuwa, don ƙaryar hoto sau ɗaya take ci. Na daɗe ina juya wannan magana. Sana'ar da ba ta iya komawa inda ta taɓa ciniki ai ba sana'a ba ce, farauta ce. Talla tana iya cika fili daren farko, amma dare na biyu abin da mutane suka gani da idonsu shi ke tallan kansa.

Daren da ya cika kwana tara, Goggo ta aika gida-gida. Bayan isha'i mata suka riƙa shigowa ta ƙofar baya, wasu da goyo, wasu da izinin miji, wasu an ce musu su je su dawo maza. Aka kifa ƙwarya a ruwa, aka rufe ƙofar zaure. Yarinyar nan ta tashi ta yi waƙa, ta kwaikwayi uwar miji, ta kwaikwayi kishiya mai kwana da tsaki, ta kwaikwayi ogan nasu yana shela, har Inna da ba ta cika dariya ba sai da ta share hawaye. Babu lasifika, babu janareto, fitilar ƙwai ce guda biyu. Mata suka kwance bakin zane, mai naira 5, mai naira 10, wata ta kawo kwanon gyaɗa, wata sabulu. Da aka ƙirga a gaban kowa, ya isa kuɗin mota har da saura. Ta rantse mana bai taɓa shiga hannunta a dare ɗaya kamar haka ba. Ta ciro 'yan kunnenta za ta bar wa Goggo a bakin bashin tuwo, Goggo ta ce, "Mayar da abinki, ba ke kika ci bashina ba." Da safe aka raka ta tasha.

Ni ban ce waƙa da wasa ba baiwa ba ce, kuma ban ce duk mai tara 'yan wasa macuci ne ba. Akwai masu amana, akwai matan da suka rufa wa kansu da iyayensu asiri da wannan sana'a. Hukuncin halacci ko rashinsa kuma na bar wa malamai da iyaye. Abin da tarihi ya nuna mini shi ne, tun daga Rex har zuwa wayar hannu, wasan da ya dogara da katanga da kuɗin ƙofa a ƙasar nan bai cika yin tsawon rai ba, wanda ya sami hanyar shiga wurin mata shi ya ci kasuwa. Ashe ke da ke zaune a ɗaki kina ganin ba ki da wani tasiri, ke ce kasuwar da ake nema. Nairarki da bakinki su ke tayar da littafi ko fim ko mawaƙi, su ke kuma kwantar da shi. To ki san inda za ki sa su.

Ita kuwa ƙanwata ban yi mata faɗa ba. Na ce ta rubuta wa mai saƙon tambaya uku. Wa zai riƙe kuɗin ƙofa, kuma a gaban wa za a ƙirga? Nawa ne nata a kowane dare, a rubuce, ko an cika ko ba a cika ba? Sannan ya faɗi gari ɗaya da suka yi wasa bara wanda za su koma bana, don Baba ya aika a tambayo. Ta rubuta ta aika. Ta farko ya ce kada ta damu. Ta biyu ya ce sai an ga yadda kasuwa ta yi. Ta uku kuwa yau mako uku ke nan muna jira.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya tsare mana 'ya'yanmu da ƙannenmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam, taku har kullum.